Farin Ƙyalle

"Yaushe rabonsa da fitsari?" in ji nas.

Uwar ta dubi ɗanta. Kwana biyu ke nan jaririnta yana amai, idanunsa sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa. Ta kwance famfas ɗin, ta shafa, ta matsa. A bushe ta ji shi. To, da ma ba don bushewar take sayensa ba?

"Ki yi ta ba shi nono da ruwan gishiri da sukari," in ji nas. "In awa biyu ta wuce bai yi ba, sai babban asibiti. Ƙodarsa muke ji wa tsoro."

Surukarta ta zaro farin ƙyalle daga jaka. Irin kunzugun nan ne da uwar ta hana a ɗaura wa ɗanta tun haihuwarsa, wai ƙazanta ce, ita ba za ta yi yawo tana zarni ba.

"Ɗaura masa, 'yata. Wannan ba ya ɓoye komai."

Ta ɗaura. Tana ɗura masa ruwan cokali-cokali, idonta na kan agogon bango. Awa ɗaya da rabi ta wuce, yaron ko kukan ma ya daina. Ta taɓa ƙyallen ya fi sau ashirin.

Can sai ta ji wani ɗumi ya ratsa sabon leshinta, ya bi cinya, ya gangara har idon sawu.

"Mama," ta ce da ƙyar, "ya jiƙa ni!"

Nas ta miƙo mata tsumma ta goge. Ta ƙi karɓa.