Ruwan Sukari a Fida

Dogo a gaban tanda yake wuni, a gidan burodi. In zafi ya kusa kayar da shi, sai ya dama sukari a kofi ya shanye, ƙarfinsa ya dawo. Shi ya sa ya yarda da sukari fiye da kowane magani.

'Yarsa wata uku gare ta, ga ta da kuka. Uwarta tela ce, ƙafa a kan keke, yarinya a cinya. Wata rana ya dawo da fida da ƙullin sukari.

"Nononki tsararo ne, ba ya riƙe ta. Ba ta wannan."

"Baban yarinya, a asibiti cewa suka yi nono zalla."

"Su suke jin kukan? Dube ni, ƙato, sukari ne ya riƙe ni."

Ya dama da ruwa, yarinya ta zuƙe fida, ta yi shiru. Dogo ya yi dariya: "'Yar Baba ta gado ni." Tun daga nan ta fara kauce wa nono. Fidar kuwa nan take wuni kan teburin ɗinki, cikin zare da ƙuda.

Sai gudawa. Ya ƙara cokali, wai ta samu ƙarfi. Ciki ya kumbura, ido ya zurma, maɗiga ta faɗa.

A asibiti, nas tana laluben jijiya a ɗan hannun yarinyar, ta tambayi abin da ake ba ta. Ya faɗa.

"Malam, ai nonon ma da sukarinsa. Akwai wani iri a ciki da jariri ba ya narkarwa, yana wucewa hanji ya ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani, su ne masu gadin cikinsa. Na buhu ba ya wannan aikin. An bar masu gadi da yunwa, ruwan fida ya shigo da cuta."

Ledar ƙarin ruwa ba ta kai rabi ba aka cire ta. Rai ya yi halinsa. Uwar ta naɗe zanen goyo kawai.

Bayan ya koma aiki, abokin aikinsa da aka yi wa haihuwa ya zo bakin buhun sukari da 'yar leda.

"Dogo, cokali nawa ka riƙa sa wa taka?"

Dogo ya damƙe masa hannu har sukarin ya zube.

"Ko ƙwaya. Zauna, sai ka ji ni."

Jama'a, wata shidan farko nono zalla. Abin da ke tayar da ƙato a gaban tanda yana iya kwantar da jariri.