Kwamfutar Marigayi

Kwana uku kwamfutar marigayi Abdulhadi tana ganin wifi na gidan, amma ta ƙi shiga. Wayoyi duk suna shiga. Ita kaɗai ta ƙi. Ga shi yau Alhamis za a rufe rajistar jami'a ta Damagaram, kuma takardun Surayya, 'yarsa da ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, duk suna cikinta.

Barakatu, matar marigayin, ba ta yi nisa a karatun lakwal ba, amma ta san mugunta in ta gan ta. Wata uku ke nan tana takaba a ɗakinta a Magariya, akwatin wifi na kan kabad yana ƙyafta mata koren ido. Ta sa an kashe shi an kunna. Ta sa an zuba sabon forfe na intanet. Ta sa Surayya ta fita tsakar gida neman rezo, ko siginar ta fi ƙarfi a can. Yarinyar ta yi duk abin da aka ce, ba ta ko ɗaga kai.

"Inna, a bar shi kawai," in ji ta.

"A bar wa? Manzo?"

Manzo yayan marigayin ne, katanga ce kawai tsakaninsu. Tun ranar sadakar uku yake cewa kwamfutar kayan gado ce, kada a taɓa sai an raba. Barakatu ta tsaya bayan labule ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Yaya Manzo, ƙaninka bai bushe a kabari ba ka soma cin marainiya! Kai ka toshe kwamfutar nan!"

"Ni ko saƙo sai an karanta mani," ya amsa ta kan katanga. "Bakinki ne ya toshe ta."

Da azahar ta aika aka kira Labbo mai gyaran waya na bakin tasha. Ya zauna a zaure, aka miƙa masa kwamfuta da akwatin. Surayya ta koma gindin murhu tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Manzo ya zo ya tsaya, hannu a baya, yana jiran a wanke shi ko a kama shi.

"Hajiya, da gaske toshe ta aka yi," Labbo ya ce. "Daga cikin akwatin aka hana ta shiga."

"Ka ji ko, azzalumi?"

"Sai dai kod ɗin shiga akwatin a ƙarƙashinsa yake rubuce. Wanda ya yi sai da ya ɗaga shi ya karanta. A ina yake zama?"

Barakatu ta waiga ta dubi kan kabad ɗinta. Ɗakin mai takaba, wata uku ba namijin da ya taka ƙofarsa.

Daga gindin murhu Surayya ta ce, ba ta juyo ba, "Inna, in na tafi Damagaram, wa zai kwana da ke a ɗakin nan?"