Filashin Ƙarfe Tara

Ƙarfe tara na safe Amatullahi take danna lambar ɗanta Badruddeen. Sai ta bari ta yi ƙara ɗaya, ta kashe, ta ɗora wayar a cinya. Kafin shayi ya huce tata za ta yi ƙara ɗaya ta tsinke. Shi ke nan, ranar ta yi kyau.

Tun yana achaɓa a unguwar Dilimi suke wannan filashin, don kati tsada gare shi. Ƙara ɗaya daga gare ta, "Kana lafiya?" Ƙara ɗaya daga gare shi, "Lafiya lau, Umma."

Wayar tasa kuwa sai da aka yi rigima a kanta. Kuɗin buhu huɗu na shinkafa ya zuba wa Okey, mai shagon wayoyi a unguwar Congo-Russia, alhali ga masu araha zube a tebur. Amatullahi ta saka hijabi ta tafi har shagon a mayar. Okey ya karɓi wayar ya buga ta da ƙasa a gabanta, ya ɗauka tana haske.

"Mama, wannan ko wuta bai ci shi," in ji shi.

Ta dawo tana tsaki. Mijinta Malam Bala, tela, dariya kawai ya yi.

Ranar Juma'ar da gari ya hargitse a ƙarshen 2008, Badruddeen ya fita da sabuwar shadda ruwan goro da uban ya ɗinka masa. Bai dawo ba. Kwana biyu Malam Bala yana yawo daga asibiti zuwa harabar masallaci inda aka jera gawarwaki. Ya shigo gida yana warin hayaƙi, ya tarar da Amatullahi a ƙasa, ta yanke jiki ta faɗi karo na uku. Ta riƙe ƙafarsa tana tambaya. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce bai gan shi ba.

Washegari, bayan ya fita duba shagonsa, ta danna lambar. Ta shiga! Jim kaɗan tata ta yi ƙara ɗaya.

Wallahi ranar har maƙwabta sai da suka ji kukanta na murna.

Amma ko ta bar ta ta yi ta ƙara, ba a ɗauka. Malam Bala ya ce wataƙila yaron Legas ya gudu yana tsoron kame, kada ta matsa masa. Ta yarda, me zai hana? Mata suka yi ta zuwa suna zagaye-zagaye kan haƙuri da ƙaddara, ita ko ta nuna musu waya. Har saƙon godiya ta aika wa Okey, ta ce kuɗin nan ba su tafi a banza ba.

Haka aka ci wata goma sha ɗaya. Malam Bala ya rame, ya daina hira, amma ko zazzaɓi yake, takwas da rabi ya kama hanyar shago. Idan ta ce Allah ya dawo da yaron, shi sai ya ce Allah ya sada su da alheri.

Wata Talata ya faɗi a kan keken ɗinki. Kafin la'asar an binne shi.

Daga ranar amsa ta ɗauke. Tana shiga, amma shiru. Tsoro ya cika ta fiye da na mutuwar mijin. Ko yaron ya ji labari ne, yana fushi an binne ubansa ba shi? Ko wani abu ya same shi a can?

Ranar sadakar bakwai ƙanen marigayin ya kwaso kayan shago, ya jingine keken a ɗakin da take takaba. Washegari da safe, ƙarfe tara, ta danna lambar.

Sai keken ya fara gurnani.

Ta jawo ƙaramar durowar da ake ajiye zare. Ga caja a naɗe. Ga wayar Badruddeen, bayanta ya narke gefe guda, kwana takwas ba caji amma tana haske da sunan "Umma", a ƙunshe cikin ƙonannen aljihun shadda ruwan goro.