Mai Magani da Furen Bakin Kurmi

Tun da ka ƙudura tayar da abin da ka gada domin ka sake masa mazauni, bari in ba ka misali. Ka saurara har in kai aya.

Akwai wani tsiro a bakin kurmi, daga dangin da masana ke kira okid, sai dai shi ba ya hawa bishiya, a ƙasa yake zaune. Kansa a binne yake kamar na rizga. Da rani yakan bushe sarai, har ka rantse babu kome a wurin. Idan ruwan fari ya sauka sai ya turo kara guda, ya yi fure kafin ganye ya biyo baya. Irinsa ya fi garin tozali laushi, kuma ba ya ɗauke da guzuri kamar ƙwayar dawa. Ba ya tsirowa sai ya faɗa inda wata farar funfuna mai kama da zare take kwance a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, domin ita ce ke ciyar da shi.

To, wani mai magani ya gaji sanin wuri ɗaya tak da tsiron yake. Da kan tsiron ake haɗa maganin da aka san gidansu da shi, kuma da wannan magani iyalinsa ke ci. Mahaifinsa yakan ciri tsohon kai ya bar sabo, ya mayar da ƙasa da ganye yadda ya tarar. Ɗan kuwa mutum ne mai son tsari da tsabta. Ya ga kurmin da nisa, ga ƙazanta, ga tsoron kada wani ya gano wurin. Sai ya tafi da galma ya haƙe shi kaf, ya tara ganyen da ya rufe wurin ya cinna masa wuta don kada alama ta rage. A gida ya wanke saiwoyin tas, har sai da farin zaren nan ya fita duka. Ya ja kunya miƙaƙƙiya a bayan ɗaki, ya jera su, ya zuba takin shanu. Wani maƙwabci ya leƙo ta kan danga ya ce, "Sarkin magani, yanzu kuma lambu aka koma? A ajiye mini latas!" Shi dai ya ci gaba da aikinsa. Da rani ya zo ganye ya bushe bisa al'adarsa, sai ya zaci ƙishirwa ce, ya dinga kwarara ruwa safe da yamma. Tsiron da ke barci ba ya sha. Da ya tona domin ya duba, sai ruɓa ya tarar, tana wari. Ya ɗauki wani ɗan irin tsiron da ya taɓa ajiyewa ya koma kurmi ya watsa, amma a kan toka ya faɗa. Damina ta zo ta wuce, ciyawa kaɗai ta fito. Masu neman magani suka yi sallama a ƙofarsa sau ɗaya, sau biyu, daga nan suka koyi hanyar wani gari.

Ba lalaci ya kashe tsiron ba, domin babu ranar da mutumin ya huta. Hausawa dai sun riga mu faɗa: garin neman gira aka rasa ido.