Farar Jarkar Delmer

Kwana uku ke nan Arvid Nygaard yana laɓe cikin ciyawar bakin Tafkin Sorvala da madubin hangen nesa, sauro na shagali a ƙeyarsa, yana leƙen maƙwabcinsa.

Ba don jin daɗi yake yi ba. Ranar Asabar za a yi gasar kamun walai ta farkon Yuni, kifin nan mai farin ido da duk garin ke ji da shi, kuma matarsa Marlys ta riga ta yanke hukunci. Shekara goma sha tara yana shiga gasa yana dawo mata da labari. In bana bai ɗauko kofi ba, za a sayar da kwale-kwalensa su koma Arizona kusa da ’yarsu, inda ko kududdufi sai an yi tattaki. Marlys kuwa ba ta magana biyu.

Maƙwabcin, Delmer Koskela, shi ke lashe kofin kusan kowace shekara, kuma bakinsa ba ya gajiya da tuna wa Arvid hakan. To amma tun ranar Litinin Delmer ya yi gum. A gidan shan kofi aka tambaye shi a zurfin ƙafa nawa kifi ke ci, sai ya dafe baki da hannu ya ɗaga kafaɗa. Aka kawo masa gasasshen burodi da soyayyen naman da ya saba, ya ture, ya nuna tukunyar kunu.

Masuntan tafkin nan maƙaryata ne, kowa ya sani. In mutum ya ce ƙafa ashirin, ka nema a takwas. Amma shiru sabon abu ne, kuma Arvid ya fassara shi nan take: wanda ya rasa magana ya rasa cin abinci, kifin da ya gani ba ƙarami ba ne.

Ga kuma abin da madubi ya nuna. Kowa na bin gefen ciyawar ruwa inda iska ke koro ƙananan kifi, walai na biye da su. Delmer kuwa can tsakiya ya ɗaure farar jarka da dutse don alamar wuri, kullum yana kewaya ta a hankali, ya leƙa ruwa har hularsa na neman faɗawa.

Arvid ya garzaya shagon Verna mai kayan fatsa.

"Me ya saya?"

"Ko matsattsaku ɗaya bai saya ba, balle tana," in ji Verna. "Ƙatuwar ƙugiya mai baki uku ya nuna min, da dalma mai nauyi."

"Ba ni irinta. Biyu."

A tafkin nan, ka ci bashin mutum ka hana, zai iya yafewa, amma ka jefa angar kwale-kwalenka kusa da jarkarsa, gaba ce har jikoki. Arvid ya san haka sarai. Ranar Alhamis ya cire kunya ya rataye, ya je ya tsaya dab da Delmer, ya saki ƙugiya har ƙasa ya fara ja, yana jiran zagi.

Zagi bai zo ba. Delmer ya dube shi ya daɗe, idonsa ya kawo ruwa, sannan ya nuna masa gefen da bai taɓa ba tukuna. Arvid ya ce a ransa, lallai tsohon nan ya ƙware a yaudara, har da hawaye. Kwana biyu suna jan ƙasa tare. Arvid ya fito da reshe, da gwangwani, da takalmi ƙafa ɗaya, kuma kowanne sai Delmer ya miƙa wuya ya duba da kyau.

"Tsoho, ka huta," in ji Marlys. "Na fara ɗaure kwanuka."

"Ki kwance su. Gobe za ki rasa inda za ki ajiye kofi."

Ranar Asabar Arvid ya riga kowa isa jarka. Delmer ya zo, ya dubi ruwan, ya girgiza kai kamar mai barin gado, ya juya ya nufi gefen ciyawa. Arvid ya yi dariya. So yake in bi shi ya zagayo, ko? Ba da ni ba.

Ya dasa kansa a wurin. Daga nesa yana ganin sandunan fatsa na lanƙwasa, yara ma suna cika bokiti da ’yan kifin suya masu faɗin tafin hannu. Wani ƙaton kifi da ake kira bas ya yi tsalle a gefensa, ko kallo bai ishe shi ba. Rana ta gasa shi, amma ya ƙi motsi har aka busa ƙahon tashi.

A bakin sikeli Delmer ya ɗora walai mai laba bakwai, aka miƙa masa kofi. Mai hoto ya roƙe shi ya yi murmushi, ya ƙi. Arvid na tsaye da bokiti wayam, Marlys kuma tana manna takardar sayarwa a jikin kwale-kwale. Zuciyarsa ta karye, ya ji kamar ya zauna a ƙasa ya yi kuka.

Sai ga Delmer ya ratso jama’a, ya ja shi bayan shago, ya rungume shi ƙam. Ya waiga hagu da dama, sannan ya sauke hannu daga bakinsa.

"Ɗan’uwa," in ji shi, magana na fita da iska, "shekara talatin ina yi maka tsiya, ka yafe min. Ban san wanda ya gaya maka ba. Amma duk garin nan kai kaɗai ka bar gasa ka tsaya taya ni nema. Bar su kawai, na sa a yi min wasu. Atishawa ɗaya na yi ranar Litinin, haƙorana na roba, sama da ƙasa, suka yi tsalle cikin ruwa."