Gurgun da Ya Shuka Kafin Ruwa

Ka ce ka gaji da jiran Ubangiji, ɗan'uwana. To, gyara zama ka ji. A wani ƙauye can arewa an yi wani manomi, mai bin Almasihu, wanda ƙafarsa ɗaya ta shanye tun yana yaro. In ruwan farko ya sauka, masu ƙafa biyu kan gama shuka a yini biyu, shi kuwa kafin ya ɗingisa zuwa tsakiyar gona ƙasa ta riga ta bushe. Shi ya sa yake yin binne, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa tun sama ba ta nuna alamar komai ba, ya bar shi yana jiran ruwa. A shekarar da nake ba ka labari rumbunsa ya ƙare tun bazara. Abin da ya rage ƙwarya guda ce ta irin gero, in ta tafi, shekara ta tafi ke nan. Matarsa ta dubi ƙwaryar, ta dubi tukunyar da ke kife, ta ce, "Maigida, mu zuba wa ƙasa, mu kuma cikinmu fa?" Ya ce, "Wanda ya yi wa Nuhu alkawari cewa shuka da girbi ba za su yanke ba, bai taɓa saɓa maganarsa ba." Ya saɓa sungumi ya fita. Kwana shida yana sara, kuma da yake ba sauri yake yi ba, kowane rami sai da ya zurfafa shi kafin ya jefa iri ya take.

Sai fa jira. Zabi suna tono da safe, ɓeraye suna nasu, maƙwabta kuma suna cewa gurgu ya yi wa zabi walima. Duk wannan bai dame shi ba kamar abin da ya faru a mako na uku: aka yi ɗan yayyafi, ya tsaya. Mai binne ba abin da yake tsoro kamar yayyafi, domin shi ke ruɗar iri ya tsiro, rana ta fito ta ƙone shi. Kada in yi maka ƙarya, mutumin nan ya tsorata, har addu'a ta kasa fita daga bakinsa. Da safe ya ja ƙafa zuwa gona, ya durƙusa, ya tona rami ɗaya da yatsa. Saman ƙasa da danshi, amma can ƙasa ga gero nan a bushe ƙayau, yayyafin bai kai gare shi ba. Ya tona na biyu, ya tona na uku, duk haka. Ya zauna dirshan a ƙasa ya yi ajiyar zuciya, sai dariya, sai hawaye. Bayan kwana goma sha ɗaya aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Masu yi masa ba'a suka bazama neman sungumi, shi kuwa nasa aikin ya daɗe da ƙarewa. A rana ta huɗu bayan ruwan ya kira matarsa, suka tsaya a bakin gona suna kallon tsiro layi layi, in ban da 'yan ramukan da zabi suka ci rabonsu. Ta ce, "Mun gode Ubangiji."

Kai ma abin da ka danƙa wa Allah yana nan inda ka sa shi. Rashin ganinsa ba ya nufin ya lalace, kuma ba kowane yayyafi ne cikar alkawari ba. Wanda ya yi maganar zai aiko da ruwansa a ranarsa. Ai zakaran da Allah Ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.