Karen da ya Tsaya a Gindin Tsamiya

Ajiye kwanon nan tukuna, kada ka juye wa karen. Na ji ka sarai, ka ce wuta ta cinye giyar da aka zuba a miyar. Maganar nan na tsane ta, don na san inda ta taɓa kai wani. Zauna ka ji.

An yi wani tsohon mafarauci a ƙauyenmu da yanar ido ta fara rufe masa gani, abin da ya wuce taku goma sai dai ya gan shi kamar hayaƙi. Duk da haka bai daina shiga daji ba, saboda yana da wani jan kare da ya zame masa ido. Ya ɗaura masa 'yar ƙararrawa a wuya, karen na gaba, shi yana bin ƙarar. In kububuwa ce kwance a hanya karen ya tsaya ya yi gurnani, in rami ne ya ratse. Shi kuwa tsohon yana da al'ada irin ta mafarautan da: loma ba ta shiga bakinsa sai karensa ya fara ci. Ran nan wani abokinsa Bamaguje ya yi gayyar girbin dawa, ya aika masa ya zo ya ci nama. Tsohon bunsuru aka yanka, nama ya ƙi nuna, matar gidan kuwa gwanar burukutu ce, sai ta tuttula burukutun a tukunya don naman ya yi laushi. Da ta ga romon ya tsotse ta ƙara ƙwarya guda, ta sauke. Tsohon ya shinshina ya ce, "Uwargida, wannan ƙamshin fa?" Ta yi dariya ta ce, "Ci abinka, baba, ai wuta ta cinye shi." Ya jiƙa tuwo da romon a kasko ya tura wa karen, ya ƙara masa, ya kuma ƙara, don son da yake masa. Sannan ya ci nasa, bai yi ko gezau ba. To ina jikin ƙaton mutum, ina na kare?

La'asar sakaliya suka kamo hanyar gida, hanyar da ke bi ta gindin wata tsamiya da ake cewa mutanen ɓoye ke zaune a cikinta. Tun kafin su isa ya ji ƙararrawar ta sauya. Maimakon ta tafi sak kamar kullum, sai ta yi dama, ta yi hagu, ta yi shiru, ta dawo bayansa. Daidai gindin itacen ta tsaya cak. Ya laluba ya taɓa karen, ya ji shi tsaye ƙafafu a wawware, kai a sunkuye, jiki na kyarma, yawu na zuba. Ba haushi, ba gurnani. Dajin ya yi tsit, ko kukan kurciya babu. Nan tsohon shi ma ya ja ya tsaya, domin tun yana yaro ya san ana cewa kare na ganin abin da mutum ba ya gani, kuma in ya tsaya haka, kai ma tsayawa za ka yi har masu hanya su wuce. Sai ya cire takalmi ya durƙusa, ya yi ta ba su haƙuri cikin raɗa, ya ɓare goro ya ajiye a saiwar itacen. Garin da ke da malamin dabbobi bai fi tafiyar sa'a guda daga nan ba, kuma tsohon yana da ƙarfin saɓa karen a kafaɗa. Abin da ke cin raina ke nan har yau. Yana can yana roƙon itace, karen ya yi amai, ya zube, ya ɗora kansa a kan ƙafar ubangidansa. Numfashin karen ya riƙa ja baya, kunnuwansa suka yi sanyi, ƙararrawar na ɗan motsi da kowane numfashi, har ta daina. Da almuru matan da ke dawowa daga gayya suka iske shi yana shafa gawa, yana ce wa karen ya yi haƙuri, masu hanya sun kusa wucewa.

Washegari duk gari ya ɗauka aljanun tsamiya sun kashe karen mafarauci, har aka karkatar da hanya. Sai bayan kwana uku matar nan mai burukutu ta zo da kanta, ta durƙusa a ƙofarsa tana kuka. Ta ce ɗan kwikwiyonta da ya lashe gindin tukunyar kawai, shi ma haka ya yini yana tangaɗi, da ƙyar ya tashi. Tsohon ya daɗe yana murza tafin hannunsa na dama, hannun da ya tura kaskon har sau uku. Daga ranar bai sake taka daji ba. Ya rataye ƙararrawar a bakin zaurensa, kuma ni na gan shi da idona: duk sanda iska ta kaɗa ta, sai ya ɗago kai ya miƙa hannu ƙasa, daidai tsayin kare.

Saboda haka ci miyarka kai kaɗai, shi kuma ka ba shi tuwo da ruwa mai kyau. Tsohon nan ya yi shekaru yana ratsa daji da ido a rufe bai faɗa rami ba, romo kasko uku ya zaunar da shi. Gaskiyar masu iya magana: rashin sani ya fi dare duhu.